Yadda ake cire wuyan tsohon keke idan ya kafe

Damina a Jos ba ta raga wa ƙarfe. Ruwa na bin wuyan keke, wato ƙarfen da ke riƙe da kan keken, ya gangara cikin bututun fok, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, ya kwana, shekara ta zagayo tsatsa ta haɗe su. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da aka jingine a zaure sun fi fama da wannan.

Galibi ba wuyan ne ya kafe ba, wejin da ke ƙasansa ne ya cije, wato ɗan ƙarfen da ke matse wuyan a cikin bututun. Idan birkin sanda ne, fara kwance sandunan. Sai ka sassauta dogon notin sama da sifana ko alanki mai lamba 6, zagaye huɗu ko biyar, har kansa ya ɗago. Kada ka zare shi duka, da shi za ka tura wejin. Ɗora guntun katako a kansa, ka buga guduma sau ɗaya da ƙarfi. Idan notin ya nutse, weji ya saki.

Ya ƙi motsi? Cire tayar gaba, kifa keken, ka zuba kananzir gauraye da man inji ta ramin ƙarƙashin fok. Ka bar shi kwana biyu ko uku, kana ƙarawa safe da yamma. Gaggawa ce ke lalata aikin nan: mai matse taya da gwiwa yana murɗa kan keken da ƙarfin tsiya, fok yake lanƙwasawa. Gara a danne kafaɗar fok tsakanin katako biyu, a riƙa murɗawa dama da hagu kaɗan-kaɗan, ana ja sama.

Duba irin ƙarfen kafin ka nufi mai walda. Wuyan ƙarfe zafi na taimakonsa, sai dai fenti da giris ɗin boris za su ƙone. Na alminiyam kuwa wuta ƙara matse shi take, don ya fi ƙarfe kumbura kusan ninki biyu, kuma farin garin da yake yi ba ya jin mai.

Irin wannan sai zarto. Yanke wuyan ka bar santimita 2 a waje, zura ruwan zarto ciki, ka tsaga shi a tsaye wuri biyu, a hankali kada ka ci bututun. Matse da filaya, zai fito.

Sabon wuya ya zama daidai ramin, yawanci milimita 22.2. Goge tsatsar ciki, shafa giris a wuya da weji, ka nutsar da shi har layin da aka zana a jikinsa ya ɓuya.