Ga masu son zana gari cikin ruwan sama

Salamu alaikum 'yan uwa masu zane. Tunda damina ta kankama, ga shawara ga mai son zana titin Damagaram cikin ruwa: kada ka wahalar da kanka wajen zana ɗigon ruwa ɗaya-ɗaya. Ƙasa za ka duba.

Ku nemo hoton da Gustave Caillebotte, wani mai zane Bafaranshe, ya zana a 1877, na wani titin Faris ranar ruwa, wanda ke ajiye a Cikago ta Amurka. Babu ɗigo ko ɗaya a cikinsa. Lema ce a hannun mutane, sama ta yi toka-toka, duwatsun titi na ƙyalli, amma kana gani ka san ruwa ake.

Sai dai namu launin daban ne. Ruwan da ke kwanciya a lungunan Birni ja-ja ne saboda ƙasa, katangar laka kuma in ta jiƙe duhu take ƙarawa daga sama da gindi. To ka haɗa shuɗi kaɗan da launin ruwan ƙasa don inuwa, ka bar baƙin fenti, yana kashe hoto. Inuwar ɗan kabu-kabu a kan kwalta, ja ta da burushi daga sama zuwa ƙasa, sannan ka karya ta da gajerun layuka a kwance. Fuskoki kuwa, taɓawa biyu ta isa.

Da ruwa ya tsagaita ka fita da wayarka wajen kasuwar Dole ka ɗauki hoto, don rairayi ba ya jimawa yake shanye ruwan.