Yadda za ka zaɓi jami'ar da za ka karanta injiniyanci

Duk shekara a lokacin rajistar JAMB, za ka ga yaro zaune a cibiyar CBT, mai cike fom yana tambayarsa, "Wace jami'a?" Sai ya faɗi sunan da ya fi ji a unguwa. Shekara 5 zai yi a wurin nan, amma cikin minti biyu ya yanke hukunci. Abin yana damuna, domin sashen da ka shiga shi ke koya maka aiki, sunan jami'a ba ya riƙe maka sifana.

Fara da fannin da kake so. Injiniyancin gine-gine, na lantarki da na kanikanci kusan ko'ina akwai su, daga ABU Zariya da aka kafa a 1962 har Jami'ar Maiduguri. Wasu fannonin kuwa sai an nema: na jiragen sama yana AFIT, makarantar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, na man fetur yana ATBU Bauchi. Buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB ka fitar da jami'o'i uku masu fanninka.

Daga nan sai maganar amincewa, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Hukumomi biyu ke tantance kwas ɗin injiniyanci: NUC mai kula da jami'o'i, da COREN mai yi wa injiniyoyi rajista. Sashe-sashe suke tantancewa. Jami'a ɗaya tana iya samun cikakkiyar amincewa a lantarki, sabon sashen da ta buɗe bara kuwa ba a ko leƙa shi ba. Wanda ya gama kwas ɗin da COREN ba ta amince da shi ba, zai sha wuya ranar da ya je neman rajista. Duba shafin hukumomin biyu, idan ka samu hali ka tambayi ofishin shugaban sashe kai tsaye. Kada ka ji kunya, tambaya ba ta ɓata.

Sai ka taka ka je, gani ya kori ji. Shiga wakshop ka dubi injinan: suna da maiƙo da ɓurɓushin ƙarfe a ƙasa, ko ƙura ce ta lulluɓe su? Nemi ɗan aji huɗu ka ce masa, "Yaya, kun taɓa kunna wannan da hannunku?" Amsarsa ta fi duk abin da aka rubuta a allon ƙofa. Ka tambaye shi kuma inda suke zuwa SIWES, wato horon wata 6 a masana'anta. Ɗalibin BUK Kano yana da unguwannin masana'antu na Sharaɗa, Bompai da Challawa a kusa da shi, wannan ba ƙaramar dama ba ce.

Yanzu auna kanka. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi. Idan makinka ba mai yawa ba ne, sa jami'ar da jiharka ke yankinta a zaɓi na farko, don da wuya a waiwayi wanda ya sa su na biyu. Mai difloma ta ND ko shaidar IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, yana iya shiga aji biyu kai tsaye.

Ƙarshe, zauna da Baba ku yi lissafi: rajista, masauki, abinci, kuɗin mota, kwamfuta. Ku sa yajin aiki a ciki, na ASUU a 2022 ya ci wata 8. Tun 2024 NELFUND tana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance, sai ka tabbatar jami'ar da ka zaɓa tana cikin tsarin kafin a danna maka fom.