Sayen Rigar Sanyi da Araha a Shagunan Agaji na Ingila

Ɗalibanmu masu zuwa Ingila suna yawan tambayata inda za su samu rigar sanyi ba tsada. Ga yadda nake yi:

1. Nemi shagon Oxfam ko British Heart Foundation a unguwar masu hali, can ake kai gwanjo mai kyau.
2. Je da safe a tsakiyar mako.
3. Karanta takardar wuyan rigar. Ta ulu ta fi ɗumi.
4. Ɗaga ta ga haske, ka nemi cin asu.
5. Ja zif ɗin sama da ƙasa.

Hattara: kar ka taya kamar a Ƙofar Wambai. Farashin yana rubuce, kuɗin kuma na taimakon mabukata ne ko na binciken ciwon zuciya.

6. Gwada ta kafin ka biya.
7. Wanke ta kafin ka saka.