Babi na Bakwai: Ranar da Aka Sallami Mai Ciwon Asma daga Asibiti

Darasi na farko: takardar sallama

Idan mai ciwon asma ya kwanta a asibiti, ko a Komfo Anokye, babban asibitin Kumasi a Ghana, ne ko a wani ƙaramin asibiti na kusa da Aboabo ko Asawase, likita ne yake ba da izinin sallama, amma galibi nas ce take zama da majinyaci ta shirya shi domin komawa gida. Ita ce za ta nuna masa magungunansa ɗaya bayan ɗaya, ta sa ya shaƙi magani a gabanta, sannan ta faɗa masa ranar dawowa. Da Turanci ake rubuta takardar, saboda haka ba abin kunya ba ne mutum ya ce, "Anti nas, don Allah ki karanta mini a hankali." Ku nemi ranar dawowa ku ɗora yatsa a kanta. Idan kun ga 14/01, lamba ta farko rana ce, ta biyu kuma wata, wato 14 ga Janairu. Ranar takan faɗo ne cikin mako ɗaya da sallama. Ku kwafe ta a littafinku, ku ajiye takardar tare da katin inshorar lafiya na NHIS.

Darasi na biyu: yadda ake shaƙar magani

Abin shaƙa iri biyu ne. Na farko yana buɗe hanyar numfashi nan take idan ƙirji ya ƙulle, sunansa Salbutamol, kuma yawanci shuɗi ne. Na biyu na rigakafi ne, ana shaƙarsa kullum ko da mutum yana jin garau, kuma sau da yawa ruwan ƙasa ne. Launi yakan bambanta, don haka ku roƙi nas ta yi wa kowanne alama.

Ku zauna a miƙe, ku cire murfin, ku girgiza abin shaƙar sosai. Kafin ya taɓa bakinku, ku fitar da duk iskar da ke ƙirjinku waje. Daga nan sai ku kama bakinsa da leɓe, ku fara jan numfashi a hankali, kuma a daidai lokacin da kuka fara ja ku danna sau ɗaya, ku ci gaba da ja har ƙirji ya cika. Ku riƙe numfashin kuna ƙirgawa a zuci daga 1 zuwa 10.

A nan ne akasarin ɗalibaina suke tuntuɓe, don haka mu sake. A fitar da iska tukuna, domin tulun da ya riga ya cika ba ya karɓar ruwa. Sannan a fara ja, a danna cikin jan, ba kafinsa ba, ba kuma bayansa ba. Wanda ya danna tun bai fara ja ba, a kan harshe da makogwaro maganin yake tsayawa, bai kai huhu ba. Kada ku karaya idan hannu da numfashi sun ƙi haɗuwa a karon farko, kowa da haka ya fara. Ku gwada da hannu kawai yanzu: fitar da iska, fara ja, danna, ci gaba da ja, riƙe. Ku maimaita sau 5.

Amma gaskiya raina yakan ɓaci idan na ga dattijo ya danna sau 3 a jere kamar mai fesa maganin sauro, ya koma yana cewa maganin asibiti ba shi da ƙarfi. Baba, maganin ba shi da laifi, gaggawa ce ta yi yawa. Dannawa ɗaya, numfashi ɗaya, a jira kamar rabin minti, a sake girgizawa kafin na biyu. Kuma na sha faɗa, a fitar da iska tukuna! Wanda abin ya ci gaba da gagararsa ya tambayi nas roba mai kama da kwalba da ake haɗawa da abin shaƙa, wadda ake kira sifesa, domin tana tare maganin har mutum ya ja shi a natse. Bayan shaƙar na rigakafi a kurkure baki a zubar da ruwan.

Darasi na uku: bayan an koma gida

Idan an ba ku ƙwayoyin Prednisolone, na 'yan kwanaki ne, yawanci 5 zuwa 7, ku shanye su har ƙarshe. Ku nisanci hayaƙin gawayi da na sigari da maganin sauro na ƙonawa da turaren wuta a rufaffen ɗaki. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a rufe hanci saboda ƙura.

Darasi na huɗu: lokacin komawa asibiti da gaggawa

Idan shuɗin maganin bai kawo sauƙi ba, ko mutum ya kasa ƙarasa magana saboda numfashi, a zaunar da shi a miƙe, a ci gaba da ba shi maganin, a kira 112 ko a tari mota nan take. Ku rubuta lambar a bayan takardar sallama.