Yadda Ake Shirya Wa Zagayen Rubuta Kod Tare da Mai Tantancewa a Intabiyun Aikin Manhaja

A kamfanonin manhaja da dama, irin su Thoughtworks, akwai zagayen da za a haɗa ka da ɗaya daga cikin injiniyoyinsu ku rubuta kod tare a allo ɗaya, yawanci na minti 45 zuwa 90. Salon ya yaɗu ne da tsarin Extreme Programming da Kent Beck ya tallata a ƙarshen shekarun 1990: mutum biyu, kwamfuta ɗaya, ɗaya direba ne yana buga kibod, ɗayan yana nuna hanya. A intabiyu galibi kai ne direban. Abin da injiniyan ke aunawa shi ne ko zai iya yini guda yana aiki da kai. Shi ya sa wanda ya yi gum har ya gama aikin kan faɗi, wanda ya yi kashi biyu cikin uku yana bayani kuma ya tsallake.

Da farko, tura saƙo ga wanda ya gayyace ka, ka tambayi abu huɗu: wane yaren kod za a yi amfani da shi, a ina za a rubuta, a shafin rubuta kod na intanet irin CoderPad ko HackerRank ne ko a kwamfutarka ta Zoom, an yarda ka duba bayani a intanet, sannan an yarda da mataimaki irin Copilot, wato manhajar AI da ke taya rubuta kod. In ba a yarda ba, kashe shi tun kafin ranar. In an ba ka zaɓin yare, ɗauki wanda hannunka ya saba da shi, ba wanda kake ganin zai burge su ba.

Sai kayan aiki. In a kwamfutarka za a yi, buɗe sabon fayil tun ana gobe intabiyun, ka rubuta ƙaramin gwaji guda, wato ɗan kod da ke duba ko aikinka na ba da amsar da ta dace, ka tabbatar manhajar kunna gwaji, pytest ko Jest ko JUnit, na tashi da umarni ɗaya. Minti goma da za ka ɓata kana girka wani abu a gaban mutum ba za a mayar maka da su ba. Ƙara girman rubutu zuwa 16 ko 18, rufe WhatsApp da imel, cika batir, ka ajiye layin waya na biyu da data. Kula da agogo ma in kamfanin a wata ƙasa yake, misali Birtaniya: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan daidai yake da na Najeriya da Nijar, sauran watannin kuwa suna bayanmu da awa ɗaya.

Atisayen da ya fi muhimmanci shi ne na baki. Samo aboki ku yi zama uku ko huɗu, kowanne minti 45 da agogo, kuna musayar kibod. In babu aboki, naɗi muryarka kana warware matsala, ka saurara. Duk inda ka yi shiru fiye da daƙiƙa 30, nan ne gyaranka yake.

Ranar kuwa, kada ka taɓa kibod a minti biyar na farko. A ce an ba ka wannan: lissafa kuɗin kayan da ke kwandon mai saye, da rangwamen "sayi uku, biya biyu". Maimaita aikin da bakinka, sannan ka yi tambaya. Rangwamen na kaya iri ɗaya ne ko kowane uku? In ya sayi bakwai fa? In kwandon babu komai, sifili za a mayar ko kuskure? Da gangan ake barin irin waɗannan giɓin, a ga ko za ka tambaya.

Daga nan ka tafi a hankali. Rubuta gwaji mafi sauƙi, kwando babu kaya, jimla sifili. Kunna shi ka ga ya faɗi, domin gwajin da bai taɓa faɗuwa ba bai tabbatar da komai ba. Rubuta kod kaɗan da zai sa ya wuce, ka gyara fasalinsa, sai gwaji na gaba: kaya ɗaya, kaya biyu, sannan uku. Kana yi kana faɗa: "Zan ajiye farashi da kwabo a cikakkiyar lamba, saboda a yaren Python in aka haɗa 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004, kuma ba a wasa da kuɗin mutane." Irin wannan jimlar ta fi layi ashirin na kod daraja a idon mai tantancewa. Sunayen da kake ba abubuwa a cikin kod ma su zama masu ma'ana. X da temp2 ba sa gaya wa abokin aikinka komai.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen karɓar shawara. Idan injiniyan ya ce, "Me zai faru in adadin ya zo ƙasa da sifili?", hannunka mai sanda yake yi maka. Tsaya, ka ɗaga hannu daga kibod, ka amsa. In kana ganin hanyarka ta fi, faɗi dalili a jimla ɗaya ko biyu, ka tambayi ra'ayinsa. Gardama mai tsawo illa ce, amma amincewa da duk abin da ya faɗa ba tare da tunani ba ita ma illa ce. Wani lokaci yakan kawo shawara mai rauni don ya ga ko za ka lura.

In ka maƙale, kada ka shiga canza layuka barkatai. Karanta saƙon kuskuren da ƙarfi, ka duba lambar layin, ka faɗi abin da ka zata da abin da ya fito. Bayan minti biyu ko uku ba mafita, nemi taimako kai tsaye: "Ina zargin lissafin rangwamen ne, kana ganin abin da ban gani ba?" Ka manta sunan wani umarni? Ce ka manta, ka nemi izinin dubawa.

Idan ya rage minti biyar, daina ƙara sabon abu. Tabbatar gwaje-gwajen da ke akwai duk suna wucewa, sannan ka lissafo abin da ya saura: rangwame biyu a kan kaya ɗaya ba a yi ba, farashin da babu a jeri ba a kula da shi ba, ga kuma wanda za ka fara da shi in da akwai sauran lokaci.