Yadda Ake Zaɓar Kalmar Turanci Idan Abu Ya Murɗe Ko Ya Sarƙe

Ɗalibin da ya taso a ƙauyukan Ringim ko Ɓaɓura ko Gabasawa ba ya rikita tufka da sarƙewa idan yana magana da Hausa, domin ya ga dattawa suna tufka igiyar rama a inuwa, ya kuma ga yadda akuya take harɗe igiyarta a jikin turke. Amma da zarar ya zauna rubuta insha'in Turanci, sai ya ɗauki kalma guda, galibi *twist*, ya ɗora mata dukan wannan kaya. Abin yana damuna ƙwarai, saboda yaron ya riga ya san bambancin, abin da ya rage kawai shi ne a nuna masa inda Turanci ya ajiye kowace ma'ana kafin ya shiga jarrabawar WAEC ko NECO.

Kafin ka zaɓi kalma, ka fara tambayar kanka ko an haɗa abin ne da gangan kuma bisa tsari, ko kuwa shi ne ya cukurkuɗe da kansa har ya zama matsala. Wannan tambaya ita ce take raba kalmomin gida biyu.

Idan da gangan ne, to *twist* ita ce murɗawa, kuma ita ce ta dace da tufka, kamar a ce *He twisted the fibres into a rope*. Ana kuma amfani da ita ga targaɗe, inda ake cewa *She twisted her ankle*, da kuma juya maganar wani don a canza mata ma'ana. Ƙanwarta *twine* suna ce ta siririyar igiya mai ƙwari, amma idan ta zo a matsayin aikatau, an fi jin ta wajen tsiron da ke yaɗo yana nannaɗe wani abu. Duk wanda ya shiga gona a ƙarshen damina ya ga wake ya hau karan dawa yana iya rubuta *The beans twined round the sorghum stalks*, kuma jimlarsa ta zauna daram.

Kitso yana da kalmomi biyu, wato *plait* da *braid*, kuma dukansu suna nufin a ɗauki sili uku ko fiye a riƙa ɗora wannan a kan wancan. Mutanen Ingila sun fi cewa *plait*, suna furta ta kamar "filat", su kuwa mutanen Amurka *braid* ce ta fi kama bakinsu. Tun da makarantunmu Turancin Ingila suke bi, ni ina ganin ya fi kyau ɗalibi ya riƙe ta farko, ya san ta biyu. Saƙa kuma sai an yi hattara da ita, domin Hausa ta haɗa abubuwan da Turanci ya raba: tabarmar kaba da kwando da saƙar masaƙa duk *weave* ne, amma rigar sanyi da ake saƙawa da zaren ulu da tsinke biyu *knit* ce, kuma ba a furta harafin farko nata. Idan aikin ya riga ya wuce, daidaitaccen salon *weave* shi ne *wove* da *woven*.

Gida na biyu shi ne na rikici. Idan zare ko igiya ko gashi ya cukurkuɗe, *tangle* ake cewa, misali *The goat's rope got tangled round the stake*. Ita kuwa *entangle* tana ƙara ma'anar cewa wani abu ya maƙale a cikin wani har ya kasa fita, shi ya sa masunci a fadamar Haɗeja zai ce *The fish became entangled in the net*. A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin ƙaramar kalmar da ke biyo baya tana da muhimmanci: *in* ake sawa gaban abin da ya kama, irin su raga ko ƙaya ko bashi, *with* kuma gaban mutum ko wani abin da aka sarƙe tare da shi. Gashin da ya dunƙule saboda ƙura da rashin taza shi ne *matted*.

Inda na fi so ɗalibi ya natsu shi ne lokacin da aka bar igiya aka koma maganar mutane da al'amuransu. Kalmomin *intertwined* da *entwined* da *interwoven* ba sa ɗauke da zargi, suna nuna cewa abubuwa biyu sun shiga juna har raba su ya yi wuya. Mai son bayyana yadda noma da kiwo suka dogara da juna a Jigawa zai rubuta *Farming and herding are closely intertwined*, kuma ya faɗi gaskiya cikin ladabi. Idan ya kuskura ya sa *entangled* a wurin, mai karatu zai ɗauka cewa manomi da makiyayi sun faɗa wani tarko ne da suke neman kuɓuta daga gare shi. Wannan warin matsala ya daɗe a jikin kalmar, domin a jawabin kama mulki na 1801 shugaban Amurka Thomas Jefferson ya yi amfani da *entangling alliances* yana nufin ƙawancen da ke jawo wa ƙasa rigimar da ba tata ba. Kalmar *embroiled* ta fi *entangled* tsanani, kuma rigima da shari'a da abin kunya ne gidanta, kamar iyalin da suke ja-in-ja a kan gadon gona, waɗanda za a ce *embroiled in a land dispute*. Kada ka taɓa amfani da ita ga zare ko igiya.

Bayan tufka sai warwara, kuma ita ma kowace da abokiyar tafiyarta. Abin da aka murɗa *untwist* ake yi masa, wanda ya cukurkuɗe *untangle*, wanda ya maƙale a cikin wani kuma *disentangle*, tare da *from* a bayanta. Ita *unravel* fuska biyu gare ta, domin tana iya nufin an gano bakin zaren wani al'amari mai ɗaure kai, tana kuma iya nufin shiri ya wargaje, saboda haka jimlar ce za ta nuna maka wacce ake nufi.

Wajen koyo, kada ka rubuta kalmar ita kaɗai a littafinka da fassararta a gefe. Ka rubuta ta a cikin cikakkiyar jimla a kan abin da ka gani da idonka a gida ko a gona, sannan ka duba ƙamus na Turanci zalla ka tabbatar da ƙaramar kalmar da ke bin ta. Ka kuma karanta jimlar da ƙarfi, musamman idan akwai *wind* mai ma'anar naɗe zare a jikin abu, domin ana furta ta "waind" saɓanin ta iska, kuma idan aikin ya wuce tana komawa *wound* mai furucin "waund", wadda rubutunta ɗaya ne da kalmar rauni amma furucinsu daban, irin tambayar da sashen furuci na jarrabawar Turanci yake yawan kawowa.