Yadda na gyara maɗaurin igiyar gadon lilo

Maɗaurin da na haɗa da igiyar Dyneema (wata igiyar roba mai ƙarfi sosai) mai kaurin inci 7/64, domin rataye gadon lilo a zango, ya riƙa saki da zarar na kwanta. Na zargi kaurin igiyar, na kuma ƙona bakinta, duk a banza, domin santsin Dyneema ne yake sa ƙullin da ke bakin maɗaurin zamewa.

Sai na sake ɗaura ƙullin, na bar jela mai tsawon santimita 5, na ja kowane sili da filaya ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na zura ƙullin cikin zargen da ke ɗaya bakin maɗaurin, na shafo igiyar har zargen ya shaƙe wuyansa, sannan na rataya gadon ƙasa-ƙasa, na zauna a hankali har ƙullin ya yi tauri kamar tsakuwa. Alhamdulillahi, bai sake zamewa ba.